A-kori-kurar Ishaya da Kafaɗar Lucy

In ka shiga Orozo ka tambayi gidan Ishaya mai doya, za a ce maka wanne daga ciki, don masu doya sun yi yawa. Amma ka ce Ishaya mai turi, ko makaho zai nuna maka hanya. Mutumin gajere ne kakkaura, Gbagyi gaba da baya, manomin doya tun yana riƙe fartanya da hannu biyu. Ba ya faɗa, ba ya shan taba, ranar Lahadi shi ke buga gangar coci har ta danne muryar masu waƙa. Aibinsa ɗaya ne tak, baki. Ba wai maƙaryaci ba ne, Allah ya kiyaye. Alƙawari ne ba ya yi masa wuyar fita.

Ranar da ya auri Lucy ya miƙe a gaban dangi, ba wanda ya tambaye shi, ya ce in Allah ya ba shi rai sai ya hutar da kafaɗar matar nan. Tsofaffin mata suka yi dariya har da riƙe ciki. Ai matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. Kai shi ne sarkin jiki, shi ke ɗauke da tunani, wane marar kunya ne zai ƙara masa itace da doya? A kafaɗa suke ɗauka, cikin babbar ƙwarya, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwar Karshi. Duk macen da ta kai shekara talatin akwai kanta a kafaɗarta, baƙa mai tauri. Lucy dai ba ta yi dariya ba a ranar. Ta dube shi ta gefen ido, ta ajiye maganar a inda mata ke ajiye irinta.

A daminar 1979, lokacin da zancen mai da gwamnati daga Legas zuwa Abuja ya fara zama gaskiya, masu auna ƙasa suka cika daji da sanduna masu ja da fari. Wata rana suka kutso gefen gonar Ishaya da a-kori-kura, Fijo 404, fara sol. Ta afka cikin taɓo har ciki, injin ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Suka tura, suka zagi juna, suka gaji. Ogansu, wani dogo mai gajeren wando da ake kira Mista Andrew, ya zare makulli ya miƙa wa Ishaya.

"Maigida, ka duba mana mota. Gobe muna zuwa."

"Ba komai, oga. Ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Wannan goben ta ɗauki shekara goma sha biyu. Ishaya kuwa ya riƙe amana riƙon da ya wuce hankali. Ya sa makullin cikin Littafi Mai Tsarki. Duk shekara in yana tada tulin doya sai ya kewaye motar, ya bar mata filinta. Yaɗon doya ya hau ta ya lulluɓe, tayoyin suka zube, zabi suka mai da kujerar gaba wurin ƙwai, tsatsa kuwa ta ci ta har farin ya koma ja. Duk wanda ya gani da gajeren wando sai ya tare shi ya tambaye shi ko ya san Mista Andrew. Lucy takan wuce ta gefen motar da ƙwaryar doya a kafaɗa, ta ja tsaki.

"Baban Alice, mota a gonarmu, ni kuma doya a wuya. Ko a tatsuniya ban taɓa ji ba."

"Amana ce, Maman Alice. Gobe suna zuwa."

A farkon 1991 kafaɗar ta ce ta gaji. 'Yarsu Alice ta yi aure a Keffi, babu mai taya ɗauka, ga Lucy ba ta iya zama ba. Ciwon ya fara da tsami, ya koma suka, har ya kai hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Ishaya ya kai ta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinyar baƙuwa ce a ƙasar, ta lallatsa wurin ta ce in Lucy ta sake yin kaka ɗaya tana dakon doya a wannan kafaɗa, hannun zai mutu ne gaba ɗaya. Sannan, da zuciya ɗaya, ta ƙara da cewa, "Mama, me zai hana ki riƙa ɗorawa a ka kamar kowa?"

Tabɗi! Lucy ta miƙe, ta gyara zani, ta fice ko sallama babu. A hanya ta ce wa mijinta da ta ɗora doya a kan da uwarta ta haifa mata, gara hannun ya guntule. Kuma ya sani, doyar bana ita za ta kai kasuwa, ko da hannu ko ba hannu. Washegari da safe ya gan ta a bayan ɗaki tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya, tana kamo bakinsa da haƙori. Ya juya da sauri kada ta san ya gani. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tsoro kuma ya biyo baya. Shekara ashirin da shida ke nan da ya yi surutunsa a gaban dangi. Ga shi cirar doya a watan Disamba take.

Sati uku bayan haka, wata mota mai sheƙi ta tsaya a bakin gonar. Wani mai sanƙo da tumbi ya fito yana tambayar ko akwai filin sayarwa a nan kusa, tunda gari ya kusa cika. Ishaya ya ƙura masa ido, ya dubi ƙafafunsa, ya saki garma.

"Oga! Ga motarku nan. Ba abin da ya taɓa ta."

Mista Andrew ya dubi tulin ganyen da aka nuna masa. Ya matsa ya ɗaga yaɗo, wata zabuwa ta tashi fir ta taga. Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna a kan tulin doya yana share hawaye. Ya ce kamfanin ya daɗe da rushewa, motar ma a rabon kaya shi ta faɗo wa, ya ɗauka tuni maƙera sun mai da ita fartanyu. Nan take ya zaro takarda ya rubuta cewa ya bar wa Ishaya ita halak malak. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ishaya ya isa gida a guje yana kaɗa takarda yana ihu, "Maman Alice, kin huta! Kin huta!" Lucy ta ce to, Allah ya sa, ta ci gaba da tsince wake.

Matsalar farko ita ce raba motar da gonar, don sun riga sun saba. Ishaya ya je rugar abokinsa Ibrahima, Bafulatanin da ke kiwo a bayan dutse, wanda suka shekara ashirin suna faɗa a kan shanu da ganyen doya ba su taɓa rabuwa ba. Ibrahima ya zo da bijimai huɗu, ya zagaya motar sau biyu yana dogara sanda.

"Ishaya, wannan gawar ce za mu kai gida? Ai nan ya kamata a binne ta, ga rami ta riga ta haƙa."

"Kai dai ɗaura igiya. Me makiyayi ya sani game da inji?"

Aka ɗaura, aka yi wa bijimai tsawa. Motar ta yi wata irin ƙara ta taso, amma rabinta kawai. Gaba da gefuna suka bi shanu, ƙasan bayan kuwa, inda ake zuba kaya, ya zauna daram a gona, doya ta huda shi ta wurare uku. Ibrahima ya ce ko ba komai an samu abin miya. A haka suka shiga Orozo, bijimai a gaba, mota tana jan ciki, Ishaya a baya ɗauke da ƙofa ɗaya a kafaɗa, mutanen gari suna tafi.

Aka ajiye ta a ƙofar gida ƙarƙashin mangwaro. A nan ne Ishaya ya tafka kuskuren da har yau ake ba da labarinsa. Shi a saninsa, abin da ya fara ruɓa magani ɗaya gare shi. In irin doya ya yi tabo, sai ka sa wuƙa ka yanke wurin har ka kai ga mai lafiya, ka shafe yankan da toka, ka shanya. Haka ubansa ya yi, haka kakansa, ba a taɓa jin kunya ba. To tsatsa mene ne in ba ruɓa ba? Ya samo kurfi da guduma ya duƙufa. Duk inda ya ga ja sai ya fafe shi, ya dambara toka. Ya kwashe tokar murhun Lucy, ya bi gidajen maƙwabta da kwano yana roƙo. Sati biyu yana wannan aiki, sai ga ruwan farko ya sauka. Toka ta jiƙe ta kama ƙarfe, tsatsa ta samu abin da take so, ta yi fure. Motar da ta shigo gida da ramuka goma ta koma rariya, kana tsaye a wannan gefe kana gaisawa da na wancan.

Lucy ce ta aika Karshi aka kira Ɗangoggo mai walda, wanda ya taɓa kanikanci a Kaduna kafin surutu ya raba shi da ogansa. Ya iso da tukwanen gas ɗinsa a bayan babur, ya sauka, ya tsaya. Ya cire hula ya mayar.

"Baba, wa ya yi wa motar nan haka? A faɗa mini sunansa in kai shi ƙara."

"Magani na sa mata," in ji Ishaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Magani! Da toka? Baba, wannan Fijo ce, ba doya ba ce! Me ya rage, ka binne ta ka jira ta tsiro?"

Da ya huce, ya ce zai yi aikin, don bai taɓa ganin 404 a wulaƙance ya wuce ba. Sharaɗinsa ɗaya, kullum ya zo a ba shi sakwara da miyar agushi. Ishaya ya amsa da sauri, sai daga baya ya tuna wa ke daka sakwara a gidan, da kuma wace kafaɗa. Haka dattijon nan, mai gangar coci guda, ya koma jan turmi bayan rumbu yana daka a ɓoye. Ranar farko sakwarar ta fito da gudaji kamar tsakuwa. Ɗangoggo ya ci, sannan ya ce wa Lucy da alama ciwon nan ya taɓa mata hannu sosai. Lucy ta ce ƙwarai kuwa, a yi mata addu'a.

Damina guda suka yi a kan motar. Ishaya ya koyi goge ƙarfe da samfefa har zanen yatsunsa ya ɓace. Ɗangoggo ya fasa tsofaffin durom-durom ya buge su suka miƙe, ya lilliƙe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Da durom ya ƙare, ya kawo tsohon allon wani gidan burodi ya toshe ƙofar dama, shi ya sa har ƙarshen rayuwar motar in rana ta haska ta kana iya karanta "mai laushi" a ƙarƙashin fenti. Bayan kuwa da katako aka shimfiɗe shi. Injin ya ƙame ƙam, sai da aka yi sati uku ana ɗura masa kananzir da baƙin mai ta ramukan fulogi, ana lallashinsa da sifana, kafin ya yarda ya juya. Madubin gefe ya gagara samuwa, Lucy ta ba da nata na kwalliya aka ɗaure da waya.

Sau ɗaya suka yi rigima ta gaske. Ɗangoggo ya zo da ƙarafa zai ƙera kariya a saman rufin, inda za a riƙa ɗora ƙarin kaya. Ishaya ya tare shi da hannu biyu.

"A kanta? Ga baya Allah ya ba ta, ka ce a kanta? Ba a gidan nan ba."

"Baba, mota ce fa."

"Ko jirgi ce. Tunda ta shigo gidan Gbagyi, kanta ya huta."

Lucy tana daga gindin mangwaro ta ce wannan ce magana mai hankali ta farko da ta ji daga bakinsa a bana.

A watan Nuwamba aka shafa mata shuɗin fenti da buroshi, irin na ƙofar coci, don shi ya ragu. Ta yi kyau daga nesa. Abu ɗaya ya gagara, kik, abin da ke tada inji in an murɗa makulli. An nema har Keffi ba a samu ba. Ɗangoggo ya ce ba komai, ai gidan a kan tudu yake, a riƙa ajiye ta tana kallon gangare, a saki birki ta tashi da kanta. In kuma ta mutu a hanya, sai turi. Ranar da ta fara tashi, hayaƙi ya rufe unguwa, kaji suka watse, Ishaya ya rungume Ɗangoggo yana kuka wiwi. Sai Ibrahima, da ya zo kallo, ya yi tambayar da ba wanda ya tuna da ita wata takwas.

"To, wa zai tuƙa?"

Ashe duk cikinsu, in ka cire Ɗangoggo, ba wanda ya iya. Aka koma filin makaranta koyon tuƙi. Wayyo, ƙafar da ta shekara arba'in tana danna garma ba ta san a hankali ba. Ishaya in ya taka sai ya taka duka, in ya saki sai ya saki duka, motar ta yi tsalle ta mutu. Ɗangoggo ya maimaita har muryarsa ta dushe, "Taka na hagu, sa giya ta biyu, saki a hankali! A hankali, Baba!" Lucy tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya, tana kallo. Da ƙyar da jiɓin goshi Ishaya ya iya zagaya filin sau uku bai kashe ta ba, Ɗangoggo ya ce ya isa haka, sauran sai addu'a.

Ranar da suka loda doyar farko ta faɗo daidai da ranar da gwamnati ke tarewa a Abuja. Duk wani mai ƙafa a Orozo ya tafi cikin gari kallon manya, har Ɗangoggo. Ishaya ya ce su je su gani, shi ma yau yake tarewa. Ya loda doya shi kaɗai, ya hana Lucy taɓa ko ɗaya, ya buɗe mata ƙofar burodi ta shiga ta zauna da sabon zani. Ya saki birki, mota ta gangara ta tashi. Ya ga Lucy tana shafa kujerar.

Sun yi rabin hanyar Karshi, wata tunkiya ta gitta. Ishaya ya taka duk abin da ƙafarsa ta samu. Mota ta yi tsalle ta mutu, a shimfiɗaɗɗen wuri, taku ashirin kafin gangaren rafi. Suka duba gaba, suka duba baya, ko mai keke babu. Rana tana ɗagawa, masu sayen doya na manyan motoci kuwa ba sa jiran kowa. Ishaya yana ta murɗa makullin da ya san ba abin da zai yi, bai ma ji buɗe ƙofa ba. Da ya ɗaga ido, a cikin madubin kwalliyar nan ya hango ta. Ta naɗe gyalenta ta ɗora a kafaɗar hagu, ta jingina ta da bayan motar, ta cije leɓe tana shirin turawa.

Wata takwas na wahala, toka, daka a bayan rumbu, duk don wannan kafaɗa, ga ta kuma a jikin ƙarfe da doya mota guda a gabanta. Ya diro daga motar.

"Cire kafaɗar nan, Maman Alice."

"In na cire wa zai tura? Tunkiyar?"

"Na ce ki cire! Shiga ki zauna a wurina."

"Ni? Ka haukace ne?"

"Ki taka na hagu..."

"In sa ta biyu, in saki a hankali," ta ƙarasa masa. "Ai ko kajin gidanmu sun haddace."

Ta shiga. Ya karɓi gyalen ya ɗora a tasa kafaɗar, ya kafa ƙafa ya danna da ƙarfin shekara arba'in na garma. Motar ta yi nishi ta motsa. Taku biyar, taku goma, idonsa ya yi ja, taku ashirin, ta kama gangare. Lucy ta saki a hankali, yadda take sauke ƙwaryar ƙwai. Injin ya kama lafiya lau, ko tari bai yi ba. Ishaya ya ɗaga hannu yana murna yana jiran ta tsaya. Ina! Lucy ta san in ta tsaya za ta mutu. Ta leƙo ta taga ta ce, "Ka same ni a kasuwa!" ta haye rafi ta bar shi da hayaƙi.

Ya isa Karshi a ƙafa, jiƙe sharkaf, gyalen mata a wuya. Ya tarar ta ajiye motar a kan tudu tana kallon gangare, ta saka dutse a taya, tana zaune a bayanta tana ciniki, matan kasuwa sun kewaye ta suna guɗa. Ba wanda ya tambaye shi labarin gwamnati a ranar.

Tun daga nan kujerar ta zama ta Lucy. Ta tuƙa motar nan shekara goma sha huɗu, ta kwashi doyarta da ta maƙwabta, hannunta ya dawo har tana ɗaura ɗankwali mai hawa biyu. Kik kuwa ba a taɓa samu ba, ko kuma Ishaya bai ƙara nema da gaske ba, Allah masani. Duk inda ta mutu shi ke sauka, kuma bai taɓa yarda wata mace ta sa kafaɗa ba. Sunan mai turi ya bi shi, Ibrahima ma ya ce zai sa shi cikin bijimansa.

Wata ranar kasuwa da yamma, suna zaune a gindin mangwaro, Lucy tana shafa masa man kaɗanya a kafaɗa, sai yatsunta suka tsaya a kan wani wuri baƙi mai tauri. Ta daɗe tana taɓawa. Sannan ta kamo hannunsa ta ɗora a kan tata kafaɗar ta hagu. Wurin ya yi laushi sumul, kamar ba a taɓa ɗora masa komai ba.

"Baban Alice," ta ce, "na yi ta neman kantata ban gan ta ba. Ashe nan ta koma."

Ishaya ya sake miƙa mata kafaɗar. Ta ƙara lakato man ta ci gaba da shafawa.